An tura mu aikin bishara Nijar, me ya kamata mu sani?

Ɗan Saminaka:
Salama gare ku 'yan'uwa cikin Ubangiji. Ikilisiyarmu za ta aika ni da maiɗakina wani ƙauye tsakanin Maradi da Tasawa bayan Kirsimeti, muna da yarinya 'yar shekara 2. Hausa dai ba matsala tunda da ita muka tashi, amma gaskiya abu biyu ke hana ni barci, lafiyar yarinyar nan da kuma talaucin da ake ba mu labari, wai kullum da safe za ka tarar da mutane a ƙofa. Ni kuwa albashin mai bishara kun san shi. Wanda ya taɓa zama can don Allah ya ba mu shawara.

Baba Mai Ritaya:
Ɗana sannu da amsa kira. Na yi shekaru a wannan yankin ni da mamanku. Maganar ƙofa gaskiya ce, amma ba duk shekara take da zafi ɗaya ba. Da kaka kowa da hatsinsa a rumbu, har kai za a kawo ma tiya biyu uku kyauta. Wahalar daga bazara take farawa, ta yi tsanani a Yuni zuwa Agusta, rumbu ya ƙare sabon hatsi bai nuna ba, wasu mazan da suka tafi cirani Kano ko Agadas ko Libiya ba su dawo ba an bar mata da yara, kuma daidai lokacin ne sauro ke tashi. Yunwa da zazzaɓi tare suke zuwa.

Kuskuren da na yi shekarar farko shi ne na mai da kaina banki. Duk wanda ya zo da kuka sai in sa hannu aljihu, kafin wata uku babu ko sisi, waɗanda ban ba ba suka ji haushi, waɗanda na ba bashi suka daina bi ta ƙofata don kunya, har wani ya bar zuwa sujada saboda jaka biyar da nake binsa. Mafi muni aka fara cewa a gari wai sayen mutane muke yi su shiga addininmu, kuma in ka duba yadda nake rabon da ido ba za ka ga laifin mai faɗa ba. Daga baya muka zauna da dattawan ikilisiya da mai gari, aka sayi hatsi da kaka lokacin da yake da araha aka ajiye, da damina a sayar da sauƙi ga kowa, Musulmi da Kirista layi ɗaya, littafin lissafi a hannun mutum uku ba a hannuna ba. Ranar na samu barci. In za ka ba mutum daga aljihunka ka ba shi kyauta a ɓoye daidai ƙarfinka, kada ka kira shi bashi.

Af, ka koyi ƙirgen sefa, kuɗin Nijar, tun yanzu. Dala ɗaya tamma 5 ce, jaka kuma 1,000, in an ce maka dala ashirin 100 ake nufi. Ni dai na sha kunya a kasuwa.

Mama Nas:
Ƙanena bari in yi maganar yarinya. Kafin ku tashi a duba katin rigakafinta ya cika, ku manya ku yi rigakafin cutar shawara ku riƙe katin, ku tambayi na sanƙarau kuma domin Nijar na cikin ƙasashen da yake ɓarkewa da rani, tun daga hunturu har zafin Afrilu. Gidan sauro mai magani kowane dare ba fashi. Da damina ana bi gida gida ana ba yara 'yan wata 3 zuwa shekara 5 maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro wata wata, kada ku ce ku baƙi ne, ku karɓa. In jikinta ya yi zafi a yi gwaji ranar, ba gobe ba.

Ruwan rijiya a tafasa ko a tace. Gudawa kuma madam ta haddace wannan, lita ɗaya na ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri, sai zinc kwana 10 zuwa 14. Ta koya wa matan unguwa ma, wannan kaɗai ya isa aiki. Amma ina roƙonku kada ku buɗe kemis a ɗaki don kuna da akwatin magani, yaron da ya kumbura ƙafa ko hannunsa ya zama tsinke tamowa ce, likita za a kai shi a ba shi abincin gyaɗar nan na leda. Babban ciwo kuwa akwai asibitin mishan na Galmi da ƙungiyar mishan ta SIM ta buɗe a 1950, sai dai da nisa daga inda za ku, ya wuce Madawa, Maradi ta fi muku kusa. Kuturta da yoyon fitsari a Danja kusa da Maradi ake dubawa.

Bamaraɗe:
Barka da zuwa tun kafin ku iso malam. Ni ɗan nan ne kuma a ikilisiya na girma, abin da zan ce kada ku zo da tunanin babu komai sai yunwa. Mutanen da za ku tarar su ne suka mai da gonakinsu daji da sassaben zamani, tun wajen 1983 da wani ɗan mishan Tony Rinaudo ya fara aiki da manoman Maradi a bar kututture ya tofo a gyara shi maimakon a ƙone, yau je ka ga gawo cikin gonaki. Babu wanda ya raba musu kuɗi. Ku fara da gaisuwa wurin mai gari da liman, ku je suna ku je jana'iza. A Janairun 2015 an ƙone majami'u a Damagaram da Yamai, ba mu manta ba, amma a unguwarmu maƙwabta Musulmi ne suka ɓoye mu. Takardunku su cika, tun juyin mulkin 2023 bincike ya ƙaru a hanya, kuma kada ku yi tafiyar dare ta wajen iyakar Madarunfa.

Ɗan Saminaka:
Na gode Baba, Mama, da kai ɗan'uwa. Baba to in mutum ya zo tsakar dare matarsa na naƙuda babu kuɗin mota fa, shi ma sai na jira dattawa?

Baba Mai Ritaya:
Haba ɗana, wannan ka tashi ka tada babur. Ka ware 'yar jaka biyu uku da ba ka taɓawa sai don irin wannan daren, kuma tankinka kada ya kwana babu mai.