Farin Fenti Mai Ruwan Madara: Waɗanda Suka Shafa a Gombe, Ya Kuka Gani?

Maman Sadiq, Tunfure: Assalamu alaikum. Muna shirin tarewa bayan Sallah, an gama filasta, saura fenti. Maigida fari fat yake so, ni kuma raina ya fi kwanciya da farin nan da ya ɗan ja ruwan madara. Waɗanda suka shafa, don Allah ya yake komawa idan hunturu ya wuce a kansa?

Baban Ummi, Pantami: Wa alaikumus salam. Hajiya, ki tsaya kan naki. Ƙurar garin nan ja ce, daga Nuwamba zuwa Fabrairu kuwa ko an rufe taga sai ta shigo. Ɗakin baƙi fari fat ne a gidanmu, falo ruwan madara. Na baƙin ya yi jirwaye a saman taga da bayan labule, falon kuwa ƙurar sajewa take yi da shi, sai ka shafa hannu za ka san tana nan.

Anti Hauwa, Jekadafari: Ƙanwata, ki kula da ƙwan fitila. Da rana bangona gwanin sha'awa, amma da aka sa farin ƙwai mai 6500K sai ya dusashe da dare, ya yi toka-toka. Da muka koma ƙwai mai 3000K, mai haske rawaya-rawaya, falon ya yi taushi a ido. Lambar tana jikin kwali. Silin ɗin POP kuma ki bar shi fari fat, shi ke fito da launin bangon.

Malam mai fenti, Bolari: Hajiya, sana'ata ce, bari in ɗan tsawaita. Sabon filasta a bar shi kamar mako 4 ya bushe, in ba haka ba gishirin siminti zai tuttuɗo, fentin ya riƙa ɓamɓarewa daga ƙasa. Kada ki zaɓi launi a kan takardar shago. Ki sayi ƙaramin galan, a shafa faɗin tabarma a bangon da ke kallon taga da wanda ke lungu, ki duba da hantsi, ki sake dubawa bayan magariba. Wani ruwan madarar yana karkata zuwa rawaya, wani zuwa ja-ja, a bango kaɗai ake ganewa. Bokitan lita 20 ɗin a saye su lokaci guda, a gauraya su, don ko sunan launi ɗaya ne haɗin kan ɗan bambanta. Kuma ki sa ido a kan ruwa. Wasu abokan sana'armu suna tsinka fenti don ya isa, yana ɓata min rai ƙwarai, domin mai gida ake cuta.

Maman Twins, Federal Low Cost: Masu yara, fentin ruwa na gama-gari ba ya jure goga. A koridonmu fenti mai ɗan sheƙi da ake kira satin muka sa, tsumma mai ɗanshi ke ɗauke shatin hannun miya. Farin fenti na mai kuma rawaya yake yi a inda rana ba ta shiga, kicin ɗina shaida ne.

Maman Sadiq, Tunfure: Allah Ya saka da alheri. Gobe za a shafa na gwaji, maigida ya gani da idonsa. Malam, kujeruna ruwan ƙasa ne masu duhu. Mai karkata zuwa rawaya zan ɗauka ko mai ja-ja?