Ruwa mai gudu: yana gina 'ya'yan kifin salmon ko yana cinye musu ƙiba?

Alhaji Garba: Jama'a, an ce a Norway da gangan ake sa ruwa ya riƙa zagayawa a tankin 'ya'yan kifin salmon, wai don su fi girma. Ni ban yarda ba. Kifin da ya wuni yana iyo, ai abincin da ka saya da tsada yake ƙonewa.

Malama Hadiza: Alhaji, da girmanka, ba haka abin yake ba. Ɗan salmon a rafi mai sanyi da gudu ake ƙyanƙyashe shi. Idan ruwan tanki ya kwanta, faɗa suke yi, manya su tare wurin abinci, su cicciji fiffiken ƙanana. Da ruwa ya motsa sai kowa ya juya kai ga inda yake fitowa, su jeru, abinci ya bi ruwa ya isa ga kowa. Cibiyar bincike ta Nofima da ke can Norway ta nuna cewa wanda aka sa iyo daidai misali zuciyarsa ta fi ƙarfi, ya kuma fi jure cuta.

Alhaji Garba: To "daidai misali" ɗin nan nawa ne, Malama?

Malama Hadiza: Da tsawon kifin ake aunawa. Mai santimita 20 da ke cikin ruwa mai gudun santimita 20 a daƙiƙa, tsawon jikinsa ɗaya ke nan.

Sani: Anti Hadiza, amma Baba Alhaji bai rasa hujja ba fa. Cibiyar binciken teku da ke Bergen ta fitar da wani gwaji a 2015, kan waɗanda aka riga aka mayar ruwan gishiri: gudun 0.2, da 0.8, da 1.5 na tsawon jiki a daƙiƙa. Na 1.5 ɗin su suka zo baya a nauyi.

Alhaji Garba: Madalla, ɗana!

Malama Hadiza: Ƙarasa mana, Sani. Na 0.8 ba su yi asara ba, na 0.2 kuma kitse suka fi tarawa. Kuma a tanki ana iya rage famfo. Matsalar tana kejin raga da ake kiwonsu a teku, inda igiyar ruwa ba ta jin umarnin kowa, ƙaramin kifi ya gaji har ruwa ya manna shi da raga. Abin tausayi ne wallahi.

Malam Isa: Kun manta da tsabta. A tanki mai da'ira, zagayen ruwa ne ke tattara kashi da ragowar abinci zuwa magudanar tsakiya. Ba don shi ba, datti ya ruɓe ya cinye iskar da kifin ke shaƙa.

Alhaji Garba: To ni ma in sa wa tarwadata famfo?

Malam Isa: A'a, ranka ya daɗe. Tarwada tana hawowa sama ta shaƙi iska, ruwan kwance ta saba da shi. Ka dai riƙa canza mata ruwa a kan kari.

Alhaji Garba: Na ji. Amma har yanzu ba wanda ya lissafa mini kuɗin wutar famfon.