Wanda ya yi kisa cikin hauka: kaso ko asibiti?

Lawali Zango: Salamu alaikum jama'ar zaure. Jiya a fada mun kusa raba dare kan wata magana, na ce bari in kawo ta nan. Ni a ganina dokar da ta ce mahaukaci ba shi da laifi ƙofar gudu ce kawai. Mutum ya sari ɗan mutane da adda, dangi su samo takardar lokotoro, bayan wata uku ka gan shi a kasuwar Dole yana cin tsire. Wanda ya kashe rai a kai shi kaso kamar kowa, in ya so ya yi haukarsa a can.

Mushe Isuhu: Wa'alaikumus salam. Lawali, wa ka gani da idonka a Dole yana cin tsiren?

Lawali Zango: Mushe, ba sai na gani ba, kowa ya san ana yi.

Malam Sani Birni: Alhaji Lawali, kafin a kai ga dokar Nasara, addini ya riga ya yi magana. Hadisi ne sananne cewa an ɗauke alƙalami daga mutum uku: mai barci har ya farka, yaro har ya balaga, mahaukaci har hankalinsa ya dawo. Kuma a Muwaɗɗa ta Imamu Malik, Marwanu ɗan Hakam ya rubuta wa Mu'awiya cewa an kawo masa mahaukaci ya kashe mutum. Amsar da ta zo ita ce kada a yi masa ƙisasi, babu ƙisasi a kan mahaukaci. Amma jinin bai tafi a banza ba. Malamanmu suna ɗaukar gangancinsa a matsayin kuskure, diyya ta hau kan danginsa na wajen uba. Ka ga ba a kashe shi ba, ba a kuma ce wa iyalan mamaci su je Allah ya ba su haƙuri kurum ba.

Nasiru ɗalibin shari'a: Allah ya ƙara wa Malam lafiya. Ta ɓangaren boko, kundin hukunta laifuka da Nijar ta yi a 1961 tushensa na Faransa ne. Su tun kundinsu na 1810, aya ta 64, suka rubuta cewa babu laifi idan mutum yana cikin hauka a lokacin da ya aikata abin. A lura da wannan gaɓar, yaya Lawali: a lokacin aikatawa. Ba wanda ya taɓa rashin lafiya shekara biyar baya ba, ba wanda ya fara sambatu bayan jandarma sun kama shi ba. Kuma ba dangi ke zaɓo likitan ba, alƙali mai bincike ne yake naɗa wanda zai duba shi ya rubuto rahoto.

Lawali Zango: Likita ba mutum ba ne? Ba a iya yaudararsa?

Majo Rabi: Ana iya gwadawa, ƙanena, amma haukar ƙarya wuyar riƙo gare ta. Shekara goma sha ina aikin jinya. Mai kwaikwayo ya kan yi abin da yake zato mahaukata na yi: ihu, yaga riga, cin ƙasa, musamman in ya ga ana kallonsa. Da dare ya yi sai ya yi barcinsa har da minshari. Mai ciwon gaske kuwa sau da yawa ɓoyewa yake yi, ya rantse maka lafiyarsa lau, alhali kwana huɗu bai runtsa ba, yana jin muryoyi suna ba shi umarni. Wannan ba a wasansa mako uku a jere.

Mushe Isuhu: Ni inda nake ganin Lawali ya yi kuskure shi ne zaton da yake "ba shi da laifi" na nufin "tafi gida". A Amurka, John Hinckley ya harbi shugaba Reagan a 1981. A 1982 kotu ta ce ba shi da laifi saboda taɓin hankali. Bai bar asibitin da aka tsare shi ba sai 2016. Ingila ma bayan shari'ar M'Naghten ta 1843, mutumin da ya harbe sakataren firaminista, a tsare ya ƙare rayuwarsa, a Broadmoor ya mutu, asibitin da aka buɗe a 1863 don irinsu.

Lawali Zango: To Mushe, nuna mini Broadmoor ɗin Damagaram.

Mushe Isuhu: Nan kam ka kama ni.

Habsu Garin Malam: Ku yi mini haƙuri, tun ɗazu nake karantawa ban so in sa baki ba. Yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ciwon ya same shi yana da shekara ashirin da ƴan kai. In yana shan magani kamar ba shi ba, har ɗinki yake yi. Shekarar da babanmu ya rasu kuɗin allurar wata-wata ya gagare mu, aka tsallake wata biyu. Ranar wata Laraba ya ɗauki taɓarya ya fasa wa maƙwabcinmu kai, mutumin da ya goya shi yana yaro. Allah ya sa bai mutu ba. Aka kai yaya kaso yana jiran shari'a. Wata bakwai. Ranar da na fara kai masa abinci ƴan ɗakinsu sun ɗaure masa ƙafa da tsumma, suka ce ba ya barinsu barci, kuma ban ga laifinsu ba. Da aka sallame shi, aka ce da innarmu ta kula da shi. Tsohuwa mai ciwon ƙafa. Maƙwabta suka ce in ya fito tsakar unguwa su za su ɗauki mataki. Yau shekara biyu yana ɗakin baya da mari a ƙafa, mu muka sa masa da hannunmu. Yaya Lawali, ba tsire yake ci a Dole ba.

Majo Rabi: Allah sarki Habsu. Allah ya ba shi lafiya.

Lawali Zango: Allah ya ba shi lafiya, ƙanwata, ban san da wannan ba. Amma ki duba, labarinki ma ni yake goya wa baya. Da yana kaso ai da innarku ta huta, maƙwabta ma sun huta.

Habsu Garin Malam: Ka ga yadda ya fito daga kason? Ya shiga yana gane ni, ya fito bai san sunana ba.

Nasiru ɗalibin shari'a: Shi ya sa ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya kan fursunoni, waɗanda aka sa wa sunan Mandela a 2015, suka ce a ƙa'ida ta 109 kada a ajiye irin waɗannan a kurkuku, a shirya mayar da su wurin kula da masu taɓin hankali. Gandiroba ba majo ba ne. Maƙwabtanmu Najeriya da dokar mahaukata ta 1958 suka yi ta aiki, sai a Janairun 2023 aka sa hannu kan sabuwa. Ni abin da nake so doka ta fayyace ƙarara abu biyu ne: ina za a ajiye shi, kuma wa ke da ikon cewa ya warke a sake shi, likita shi kaɗai ko sai alƙali ya sa hannu.

Lawali Zango: To yaran unguwar Kara-Kara da ke haɗiyar tramol su fita hayyacinsu su sari mutane fa? Su ma asibiti?

Malam Sani Birni: A'a. A Muwaɗɗar dai, da Marwanu ya tambaya kan mai maye da ya yi kisa, Mu'awiya cewa ya yi a kashe shi. Wanda ya gusar da hankalinsa da hannunsa ba ɗaya yake da wanda Allah ya jarraba ba.

Nasiru ɗalibin shari'a: Faransa ma ta sha rigima a kan haka. Wani da ya sha wiwi ya kashe maƙwabciyarsa Sarah Halimi a Paris a 2017, kotun ƙoli ta ce a 2021 ba za a gurfanar da shi ba don hankalinsa ya gushe gaba ɗaya. Mutane suka fito zanga-zanga, a Janairun 2022 aka gyara dokar.

Majo Rabi: A takarda rabewar tana da sauƙi, Malam. A ɗakin jinya yaro zai zo, ya sha ƙwaya shekara uku, ya daina wata shida, muryoyin ba su daina ba. Wani kuma ciwon ne ya fara, ya kama shan ƙwaya don ya samu barci. Wanne za ka sa a layin maye?

Malam Sani Birni: Wannan sai ku likitoci ku faɗa wa alƙali, Hajiya. Ni dai marin da ke ƙafar yayan Habsu ya fi damuna.

Lawali Zango: Ni har yanzu ban sauka daga maganata ba: wanda ya zubar da jini kada ya koma unguwa. Ku kira wurin asibiti in kun ga dama, amma a sa masa katanga da mai gadi.

Mushe Isuhu: Ashe ka sauka ba ka sani ba. Da safe kaso ka ce.

Majo Rabi: Habsu, ki same ni ta gefe. Allurar nan nawa kuke saye yanzu, kuma yaushe rabon da likita ya gan shi?

Habsu Garin Malam: Tun kafin azumi, Anti. Bari in gama ba shi abinci in kira ki.