Kakar 2024/25 ta Manchester United: laifin koci ne ko na shugabanni?

Masoyin Old Trafford:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tun zamanin Alex Ferguson nake goyon bayan Manchester United, amma ban taɓa ganin kakar da ta ƙona mini rai kamar ta 2024/25 ba. Ƙungiyar da ta lashe gasar Ingila sau 20 ita ce ta ƙare a matsayi na 15 da maki 42, bayan an doke ta sau 18 cikin wasa 38, sannan Tottenham ta hana ta kofin Europa a Bilbao da ci ɗaya mai ban haushi. Ina so masana su warware mini: koci Ruben Amorim ne ya gaza, ko kuwa ɓarnar ta riga shi isowa?

Tsohon Ɗan Kallo:
Wa'alaikumus salam. Malam, ni a wurina ɓarnar daga sama ta faro. Bayan kocin wancan lokaci, Erik ten Hag, ya doke Manchester City a wasan ƙarshe na kofin FA a watan Mayun 2024, shugabannin da Jim Ratcliffe, ɗaya daga cikin masu ƙungiyar, ya kawo sun yi ta jan ƙafa kafin su tsawaita masa kwantiragi, suka sayo masa De Ligt da Mazraoui da Zirkzee, sai ga shi a ƙarshen Oktoba sun sallame shi. Daga nan suka ɗauko Amorim daga Sporting a tsakiyar kaka, alhali shi da bakinsa ya faɗa cewa ya so a jira kaka ta ƙare tukuna. Hatta Dan Ashworth, daraktan wasanni, bai wuce wata biyar a kan kujerarsa ba. Shi kuwa Amorim, mutumin da aka miƙa wa 'yan wasan da aka tara domin tsarin wani, ba tare da lokacin atisaye na share fagen kaka ba, da wuya a ɗora masa dukkan nauyin.

Mai Nazarin Dabaru:
Na yarda da kai rabi, yallaɓai, amma kada mu wanke Amorim tas. Ya kafe a kan tsarin 'yan baya uku ko da ya ga ba shi da 'yan gefen da za su iya hawa da sauka yadda tsarin yake buƙata, kuma ya bar Rashford ya tafi Aston Villa aro a daidai lokacin da ƙungiyar take fama da ƙarancin ƙwallaye. Ƙwallo 44 kawai suka zura a gasar gaba ɗaya, ɗan wasan gaba Hojlund kuwa huɗu ya ci. Abin da ya fi damuna shi ne yadda kusan duk wani hari sai ya bi ta ƙafar Bruno Fernandes, ta yadda da zarar an tare shi, wasan ya mutu.

Tsohon Ɗan Kallo:
Gaskiya ne, sai dai ba Amorim ne ya sayi Hojlund daga Atalanta a 2023 ya ɗora wa matashi irin wannan nauyi ba.

Masoyin Old Trafford:
Na gode ƙwarai. Abin da har yanzu yake tayar mini da hankali shi ne, rabon da ƙungiyar ta ƙare ƙasa da haka tun 1974 da ta faɗi daga babbar gasa, kuma raunin Leicester da Ipswich da Southampton ne ya sa ba mu kwana da fargabar faɗuwa ba a wancan karon.