Tiredin bakin bindiga: 1/2x28 ko 13.5 na hagu?

Sabon Shiga: Salamu alaikum jama'ar zaure. Ina da Glock 19, ƙaramar bindiga mai harsashin 9mm, zan saya mata bututu mai tiredi (zagaye irin na noti a bakinsa) don in ɗaura salansa, wato abin rage ƙarar harbi, a filin gwajin harbi. Mai shago ya ce akwai 1/2x28, akwai M13.5x1 na hagu. Lambobin nan sun ɗaure min kai. Wanne zan ɗauka?

Baban Amira: Wa alaikumus salam. Lambobin ba wuya. 1/2x28 na nufin kaurin wurin rabin inci ne, da zagaye 28 a kowane inci, ana ɗaurewa ta dama kamar kowane noti. Shi ne na Amurka. Ɗayan na Turai ne: kauri milimita 13.5, tazarar milimita 1 tsakanin zagaye, ana ɗaurewa ta hagu. Shi kamfanin HK ke sa wa bindigarsa VP9 Tactical. Tunda sabon bututu za ka saya, ɗauki 1/2x28. Kayansa sun fi yawa a kasuwa, FN 509 Tactical ma da shi take zuwa.

Dogo: Ni dai na hagun nan ya fi kwanta min. Akan sa masa zoben roba, kuma salansar a kan bakin bututun take zama, ba a kan kafaɗar da ke ƙarshen tiredin ba. Tawa ba ta cika kwancewa ba.

Baban Amira: Dogo, kowanne yana kwancewa in ya sha harbi. Ba tiredin da zai hutar da kai dubawa.

Injiniya: Ku bari in shiga, don kuna musu a kan abin da bai kai ya kawo ba. Malam Sabon Shiga, Glock bututunta yana ja baya ya ɗan sunkuya a kowane harbi, tsarin Browning ke nan. In ka rataya masa nauyin salansa kai tsaye, bindigar ba za ta ɗauko harsashi na gaba ba, sai ta riƙa cijewa. Shi ya sa salansar ƙaramar bindiga ke da sifirin da fistin a gindinta. To tiredin a jikin fistin ɗin nan yake, ba a jikin salansar ba. Yau ka sa fistin na 1/2x28, gobe ka samu HK sai ka zare shi ka sa na 13.5. Salansa ɗaya, fistin biyu. Abin da za ka tambayi mai shago shi ne: kamfanin salansar yana yin fistin na girman da nake so? In bututun kafaffe ne da ba ya motsi, nan kuma ana cire sifirin a sa zoben ƙarfe a madadinsa.

Sabon Shiga: Allah Ya saka, Injiniya. To in na ƙara da bindiga mai harsashin .45 nan gaba fa?

Injiniya: Nan rabin inci ba zai yi ba. Harsashin .45 kansa ya kusa cinye rabin incin, ƙarfen da zai rage ya yi siriri. Sai .578x28, irin na FNX-45 Tactical, ko M16x1. A M16x1 ɗin a yi hattara: USP 45 Tactical na hagu ne, Mark 23 na dama, alhali duk HK ne. .40 kuma 9/16x24 ko M14.5x1 na hagu. In kana da niyyar .45, sayi salansar .45 tun yanzu, 9mm na bi ta cikinta lafiya. Akasin haka ne ba ya yiwuwa.

Hajiyar Harbi: Ga abin da ba wanda ya faɗa, kuma shi ya fi tsorata ni. 1/2x28 ɗin nan shi ne dai a bakin bindigogin .22 da 5.56, masu siririn harsashi. Salansar .22 za ta hau bututun 9mm sumul, ba gardama, amma raminta ya yi wa harsashin kaɗan. Na ga wadda aka yi wa haka: murfin gabanta ya yage ya buɗe waje, faifan ciki sun lanƙwashe, mai ita yana tsaye yana kallon hannunsa. Dalilin da ya sa Colt ta yi wa doguwar bindigarta ta 9mm tiredin 1/2x36 ke nan. A karanta rubutun jikin salansa kafin a ɗaura.

Dogo: Gaskiya ne Hajiya. Kuma a zura sandar gwajin saiti, bindiga ba harsashi, a ga ta fito tsakiyar rami. In ta jingina gefe, a kai wa mai gyara.

Baban Amira: Takardu fa? A Amurka salansa na ƙarƙashin dokar NFA ta 1934, sai hukumar kula da makamai ta ATF ta amince da takardar Form 4 kafin ka karɓa. California da New York sun hana ta sam. California ma ko bututu mai tiredi a kan irin bindigarka matsala ne.

Sabon Shiga: Jiharmu ta yarda, Alhaji, takardun suna hanya. To 1/2x28 zan ɗauka, da salansar .45.

Hajiyar Harbi: Ka haɗa da dogon saiti, wato abin auna hari da ke saman bindiga, don kaurin salansar zai tare maka na asali. Kuma kar ka ajiye abin toshe kunne, ƙara kawai take ragewa.