Audiophile da Hausa: masoyin sauti ko mayen sauti?

1/ 'Yan uwa, ku taya ni. Ina rubutu kan manyan lasifikun gida, sai kalmar audiophile, wato mutumin da ya damu matuƙa da ingancin sautin na'urorin jin kiɗa, ta tsayar da ni cak. Haɗin gambiza ce: gabanta Latin, wato ji, bayanta Girkanci, wato so. A ɗauko ta yadda take, "mai son ji" ke nan, wanda a kunnen Bahaushe ya fi kama da magulmaci.

2/ Wani malami ya ba da shawarar "masoyin kiɗa". Malam, Allah ya ƙara sani, amma ban gamsu ba. Masoyin kiɗa ko a ƙaramar rediyo mai shaƙewa zai ji waƙarsa ya yi rawa. Shi audiophile kuwa ba waƙar ce ta dame shi ba, yadda take fita daga akwatin ne. "Mai son ƙara" ma kada a soma, ba su da abokin gaba kamar ƙara.

3/ Bari in tona wa kaina asiri. Ina da lasifikun KEF LS50 guda biyu, irin waɗanda kamfanin ya fitar a 2012. Ranar da na kawo su, na wuni ina ja da turawa: taƙi ɗaya daga bango, in koma kujera in saurara, in tashi in ƙara rabin taƙi. In sun matso bango amon ƙasa ya kumbura ya danne murya, in sun yi nisa ya rame. Da na dace da wurin sai na manna salatif a ƙasa, kada mai shara ta gusar min. Kujerar ma wurinta ɗaya, tazararta da kowace lasifika daidai da tazarar da ke tsakaninsu. Waƙa ɗaya na maimaita har dare, don kawai in ji numfashin da mawaƙiyar ke ja kafin baiti na biyu. Uwargida ta leƙo ta ce, "Malam, lafiya kuwa?"

4/ To wannan so ne ko maita? Shi ya sa na karkata ga "mayen sauti". Muna cewa mayen ƙwallo, ba wanda ke ɗauka zagi ne. Kuma ga wani daɗi: yawancin lasifiku da mayen ƙarfe suke aiki, shi ke sa faifan da ke cikinsu motsi. Maye na sauraron maye. Ban da irin lasifikar kamfanin Quad ta 1957, wadda siririyar leda ke karkarwa cikinta da ƙarfin lantarki kawai.

5/ Wata yaya ta ce kalmar maye ta yi nauyi, a ce "ma'abocin sauti". Yaya, na karɓa, amma a takardar makaranta. Mutumin da kunnensa, kamar na kowa, bai wuce 20 zuwa 20,000 na Hertz (ma'aunin kauri da sirantakar sauti) ba, kuma saman yana raguwa da shekaru, amma ya rantse yana jin bambancin wayar lasifika da wata wayar, ma'aboci ya yi masa sanyi.

6/ Na tsaya kan mayen sauti, jam'i mayun sauti. Saura woofer da tweeter, wato sashen lasifika mai fitar da amon ƙasa da mai fitar da siririn sauti. Turawa daga haushin kare da kukan tsuntsu suka samo su. Na farkon na sa masa "mai gurnani". Na biyun har yanzu ina jiran ku.