Neman shawara: 3 Body Problem ya cancanci megan da zai ci?

Ɗan Garin Malam: Assalamu alaikum 'yan uwa. Muna so mu fara kallon 3 Body Problem na Netflix a fadarmu, wanda a Faransanci ake ce wa Le Problème à 3 corps. Wasu sun ce kar mu ɓata kuɗinmu, wai waɗanda suka lalata ƙarshen Game of Thrones ne suka yi shi. Wasu kuma sun ce na 'yan Sin ya fi. Wanne za mu bi, mega nawa zai ci, kuma ana iya kallo da ƙanne a wurin?

Yayan Birni: Wa alaikumus salam ƙanena. Gaskiya ne, David Benioff da D. B. Weiss ne, amma wannan karon su uku ne, da Alexander Woo. Sai dai a duba abin da ya kayar da su a Game of Thrones kafin a yanke musu hukunci. Muddin littafin George R. R. Martin yana gabansu, aikinsu ya yi kyau. Da labarin ya wuce inda littattafan suka tsaya, daga sezon na 6, sai suka koma ƙirƙira da kansu, suka kuma dunƙule sezon na ƙarshe na 2019 cikin kashi 6 kacal. Gaggawar nan ita mutane ba su yafe ba.

A nan ba haka abin yake ba. Liu Cixin, marubucin Sin da aka ɗauko labarin daga littattafansa, ya gama su ukun tun 2010, ƙarshen labarin a rubuce yake. Inda za ka yi ƙorafi daban ne: sun ɗauke yawancin labarin daga Sin sun kai Ingila, sun mai da jaruman abokai biyar da suka yi karatu tare a Oxford. Haka ya sa labarin ya yi sauƙin bi, amma da wuya mutum ya yarda cewa duk abin da zai samu duniya a kan abokai biyar zai faɗo. Suna kuma ɗibar abubuwa daga littafi na biyu da na uku tun a sezon na farko, halin gaggawar dai bai sake su duka ba.

Malamin fizik: Na 'yan Sin da ake faɗa maka na kamfanin Tencent ne, ya fito a Janairun 2023, kashi 30, kuma littafi na farko kaɗai ya bi, kusan shafi bayan shafi. Na Netflix ya fito 21 ga Maris 2024, kashi 8. Ga fada, na Netflix ya fi dacewa, don yana da muryar Faransanci. Na Tencent da Sinanci ake magana, sai dai a bi rubutun ƙasa, kuma tafiyarsa a hankali take, rabin fada za su yi barci kafin shayi na biyu.

Abin da zai taimake ku shi ne ku gane matsalar da ta ba fim ɗin suna. Idan abu biyu ne ke jan juna a sararin samaniya, kamar rana da duniya, lissafin Newton yana faɗa maka daidai inda kowanne zai kasance. Da an ƙara na uku mai nauyi kusan nasu, babu wata ƙa'ida guda da za ta warware shi. Henri Poincaré ya nuna haka a wajajen 1890: ɗan kuskure kaɗan a awon farko, bayan lokaci sai ya zama babban saɓani. Shi ya sa a labarin mutanen wata duniya mai rana uku, waɗanda ake ce wa San-Ti, ba su san yaushe zafi zai ƙone su ko sanyi ya daskarar da su ba. Wannan ɓangaren kimiyya ce ta gaske. Amma aika saƙo nan take tsakanin taurari ta hanyar ƙwayar zarra da suka kira sofon, ƙirƙira ce, babu saƙon da ke wuce saurin haske. Tauraron da ya fi kusa da mu ma haskensa sai ya yi shekara 4 da ɗoriya a hanya. A labarin, jiragen San-Ti shekara 400 za su yi kafin su iso duniyarmu.

Mai gyaran waya, Sabon Gari: Batun mega. Kashi takwas ɗin sun haura sa'a 7 kaɗan. A lissafin Netflix, ƙaramin hoto yana cin giga 0.3 a sa'a, matsakaici 0.7, HD kuwa har giga 3. Kenan giga 2 da wani abu, ko wajen giga 5, ko sama da 20. Ku shiga saitin asusu ku ɗaure shi a matsakaici. In kun bar shi a kan na atomatik, da rezo ya yi ƙarfi zai haye sama da kansa, forfe ya ƙare ba ku sani ba.

In a waya ne, a sauke shi da dare lokacin da rezo ya sarara, a zaɓi Standard. A canza murya zuwa Faransanci kafin a sauke, in ba haka ba sai an goge an sake saukewa, cin mega ninki biyu kenan. A bar wajen giga 3 a waya babu komai.

Ɗan Garin Malam: Na gode Malam. To in mun sauke a waya, za mu iya jefa shi a tele?

Mai gyaran waya, Sabon Gari: Nan ne ake shan wahala. Abin da aka sauke a kulle yake cikin manhajar, ba ya tafiya ta Xender ko katin memori, in kuma aka haska fuskar wayar a tele sau da yawa murya ce za ta fito, hoto baƙi ƙirin. Mafita ita ce kwamfuta da igiyar HDMI, ko tele mai intanet, a kalla kai tsaye. Kuma tsarin biyan kuɗi na Mobile a waya da tablet kawai yake aiki, sai kun ɗauki na sama da shi. Ku cika batirin kwamfutar tun da rana saboda kuran.

Hajiyar Zango: Ɗana, batun ƙanne kuwa a'a. Fim ɗin na manya ne. Farkon buɗewa, a Beijin ta 1966 lokacin juyin al'adu na Mao, ana dukan wani malamin jami'a har ya mutu a gaban 'yarsa Ye Wenjie. Akwai masu kashe kansu, akwai zagi, akwai tsiraici a wurin wasan kwamfutar da mutane ke bushewa a sake jiƙa su. Kashi na 5 ya fi kowanne muni, abin da ya samu jirgin ruwa a mashigin Panama, kuma da yara a cikinsa. Sai bayan isha'i, in ƙananan sun shige gida.

Yayan Birni: Ku lura da wurin Ye Wenjie sosai, don duk labarin a kan abin da ta yanke yake rataye, wanda ya tafi sayo sukari a kashi na 2 sai an maimaita masa. Sezon na farko bai rufe labarin ba, Netflix ta sanar tun 2024 cewa za a ci gaba har a kammala. Ku sauke kashi biyu na farko kawai tukuna, bai kai giga ɗaya da rabi ba a matsakaici. In fada ta nemi na uku, sai ku haɗa kuɗin sauran.